Gambar Iyakar Gonar Baba

Damagaram, 4 ga Maris

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ladabi. Ina gajiya, yaya ƙafar taka, yaya Inna da mutanen Zermu? Da ajami na rubuta, don kada wani ya karanta maka.

Babbar lakwal ɗin nan, makarantar shari'a ta Dakar da nake nema, mutum ashirin take ɗauka cikin ɗari tara. Kwana biyun nan ko tuwo nake tuƙawa sai in ga kaina can, cikin baƙar riga, teku na kaɗawa kamar gero a Satumba. Ni da ko tafki ban taɓa haurawa ba.

Na kai wa Mushe Suma'ila, malaminmu, dosiyena, wato takardun neman shiga. Ya ce sakamakona ya yi kyau, amma duk ɗari taran haka nasu yake. Takardar dalilina kuwa, wai Faransanci ne ya sha ado, babu kowa a ciki. Ya ce in rubuta ranar da shari'a ta fara shiga raina.

Baba, ka san ranar. Ina shekara tara ka tumɓuke gambar iyaka, ka dasa ta taki uku cikin gonar Rakiya, matar marigayi Illa. Da ta yi ƙorafi, dattawa biyu suka zo a asirce, ni kuma na nuna musu tsohon ramin. Ka mayar, aka binne maganar.

Ita ce gaskiyar da nake da ita, amma asirinka ce. In ka ce a'a, na haƙura da Dakar. Ina jin tsoron amsarka.

'Yarka,
Lubabatu

Damagaram, 20 ga Mayu

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya zafi, yaya sharar gona? Allah ya kawo damina lafiya.

Sati uku na yi ina jiran takardarka, har na rame. Sai ga Yaya Mutari da labarin abin da ka yi bayan sallar Juma'a: ka miƙe gaban jama'a, ka faɗi maganar gambar da bakinka, ka nemi gafarar Rakiya, ka ce yanzu ba asiri ba ce, yarinya ta rubuta abinta. Kai da ko a gida sai an yi da gaske kake haɗa kalma biyar. Na yi kuka har Mutari ya gaji da rarrashi.

Na rubuta, na aika. Jiya malaman Dakar suka gana da ni ta na'ura, mutum uku. Ba su taɓa zancen sakamako ba. Rabin awa muka yi a gonarka, ina kwatanta musu yadda ciyawa take zama shaida, har na ji kamar ƙanshin ƙasar ya shigo ɗakin.

An ɗauke ni, Baba.

Daga ƙarshe babbarsu ta tambayi wanda ya koya mini shari'a. Ka gafarce ni, tun da aka haife ni ban taɓa kama sunanka ba. Jiya na faɗe shi cikakke, har sau biyu, don su rubuta daidai.

A gaida Inna da Rakiya.

'Yarka,
Lubabatu