Kaurin ƙotar fartanya

Laraba, bayan isha'i

Yau robar totur ɗin babur da ƙanena Sani ya aiko daga Kano ta iso, irin wadda ake ɗora tafin hannu a kai yatsu su huta. Ranar da ya tambayi kaurin hannun motona, ƙyuyar aunawa ta sa na ce masa kamar ƙotar fartanya. Ashe ƙotar da ya tuna ta Baba ce. Robar ta yi faɗi, har na kai garin Kurni tana sulɓewa, dole na koma damƙa.

Da na zauna cin tuwo, yatsun hannuna na dama suka ƙi dunƙula loma.

"Maigida, ga cokali," in ji Hadiza, idonta a ƙasa.

Shi Baba sai a ciwon ajali aka miƙa masa cokali.