Zomayen Malama

Litinin, 3 ga Yuni
Malama maƙwabciyata ce ke rubuta mini, ni ko alif ban sani ba. Tun faɗuwar da na yi a ƙofar gida ban ƙara fita ba, likita ya ce a riƙa rubuta abin da ke damuna. To ga shi: wani abu ya ci gindin inabina. Ya kankare ɓawon kamar da wuƙa, waken da ke hawa igiya kuwa ya cinye shi tas. Malama ta ce, "Inna, ko ɓera ne?" Na ce ɓera ne mana.

Laraba, 5 ga Yuni
An sake. Ganyen sama ya fara langaɓewa. A inuwarsa nake wuni, in ya bushe ban san inda zan kai kujerata ba. Na barbaɗa toka da barkono. Ɓera ne. Rubuta ɓera.

Asabar, 8 ga Yuni
Yau Auta ce da biro, 'yata, sai Asabar take zuwa. Turo ƙofar, Auta. Ba ɓera ba ne. Zomayen Malama ne, da idona na gani, fari da mai tabo a kunne. Sun yi rami ta ƙasan katanga, ga kashinsu nan ƙwal-ƙwal a gindin inabin.
Auta ta miƙe wai za ta je ta yi magana, na riƙe mata zani. Wa ke leƙo ni safe da yamma? Wa ke ɗaga ni in ƙafa ta riƙe? Yayanta ya riga ya faɗa, ranar da babu mai leƙo ni, zai ɗauke ni zuwa benensa, hawa na huɗu, inda ko ƙasar cika gwangwani babu. Gara inabin ya mutu.
A'a, ba gara ba. Goge wannan.
Ta ce biro ba ya goguwa. Ta toshe ramin da bulo, ta tsaga gorar roba ta rufa wa gindin, ta yanke rassan da suka mutu. Tana yi tana mita: "Inna, ke da kika yi kiwon mu bakwai, zomo ya gagare ki?"

Talata, 11 ga Yuni
Mai zuwa yi mini allura ce ta taimaka da rubutu yau, Allah ya saka mata. Jiya Malama ta zo, ta buɗe littafin tana neman farar takarda, sai na ga ta tsaya tana karantawa. Wallahi ni na ɗauka abin da Auta ta rubuta, Auta kaɗai ke gane shi, tunda hannunta ne. Ashe duk wanda ya buɗe ya ji.
"Shekara tara muna maƙwabtaka, Inna," in ji ta. "Ki dubi idona ki ce in rubuta ɓera?"
Ta ajiye biro a kan kujera ta fita. Ba ta ko buga ƙofar ba.

Juma'a, 14 ga Yuni
Mai allura. Malama ba ta zo ba. Shi ke nan, rufe.

Asabar, 15 ga Yuni
Auta. Mijin Malama ya shigo shekaranjiya da ragar waya da guduma. Ya kewaye inabin, ya binne bakin ragar a ƙasa don kar su tona. Ya lanƙwaso reshe ɗaya ya rufe tsakiyarsa da ƙasa, wai in uwar ta mutu wannan zai yi saiwa. Na ce, "Ina maiɗakin naka?" Ya ce tana lafiya. Ruwan da na ba shi ma bai sha ba.
Yayan Auta ya kira a waya, yana tambayar wa ke zuwa. Na ce kowa. Auta, ke kuma kar in ji.

Alhamis, 20 ga Yuni
Mai allura. Inabin ya yi toho, guda uku, ƙasa da inda aka ci. Na juya zan ce, "Malama, zo ki gani." Kwana goma ke nan. Ina jin muryarta ta kan katanga tana yi wa zomayen faɗa. Allurata kuma yau ta ƙare, wannan baiwar Allah ba za ta sake zuwa ba.

Litinin, 24 ga Yuni
Malama ce ke rubutawa, a ɗakinta. Taku talatin da ɗaya ne daga ƙofata, da sanda, ina dafa bango. Ba wani abu ya kawo ni ba, littafi ne ya rasa marubuci. Ganyen da na riƙo a leda kuma rage wa inabin na yi, zubarwa zan yi dama, in wasu na so su ci.
Ta ce, "Faɗi, Inna. Amma ni na daina rubuta ƙarya."
To. Zomayenki ne suka ci mini inabi. Na ji haushi, har kuka na yi. Tsoro ya hana ni faɗa.
Ta ce ta rubuta. Ta ce saura me?
Saura komawa. Ban san yadda zan koma ni kaɗai ba.
Tana neman takalminta.