Musafaha a Ƙofar Masaƙa

Zuwa ga Yayata Lorraine,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Dale da yara, ya kuma sassauta muku sanyin Alaska, tunda ke kika zaɓi zama inda rana ke tafiya hutu. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi har ta koma cikin mawaƙan coci, abin da ba kowa ne ya yi murna da shi ba.

Na san labari ya iso miki cewa Baba ya faɗi zaɓe. Sanata Wendell Ostrander guda, wanda ya shiga Majalisar Dattawa tun muna firamare, har gada aka sa wa sunansa, sai ga Corinne Vasquez, wadda ta fara aiki a ofishinsa tana amsa waya, ta kayar da shi. Abin da ba ki ji ba shi ne ya ƙi kiranta ya taya ta murna. Kin san mutanenmu: sukan yafe wa ɗan siyasa ƙarya, amma ba sa yafe wa wanda ya faɗi ya ƙi ɗaga waya. Mama ta ce za a manta duk aikinsa, a riƙa tuna shi da wannan kaɗai. Baba kuwa ya ce ai shi ya koya wa yarinyar riƙe waya, kuma ta san lambarsa.

Kin tuna al'adarsa ta washegarin zaɓe, ya tsaya a ƙofar masaƙa yana musafaha da ma'aikata yana godiya. Masaƙar ta rufe tuntuni, ta koma rumbun ajiyar kaya, kuma ni da ke mun san dokar cinikin da ya mara wa baya tana da hannu a ciki. Duk da haka ya sa rigar sanyinsa ya ce in kai shi. Na tambaye shi wa zai gode wa, waɗanda suka sallame shi? Ya ce na tsufa ina koyar da tarihi ban fahimci komai ba.

Muna isa sai ga Corinne a ƙofar, daidai inda yakan tsaya, ma'aikata sun yi layi. Baba ya daɗe a mota yana kushe tsayuwarta. Da ya ga tana riƙe gwiwar hannun mutum da hagunta, yadda shi yake yi, sai ya buɗe ƙofar motar. Ya fita ya bi layi, yana bayan wani direba da bai ko waiwayo ba. Da aka zo kansa ya miƙa hannu ya ce, “Barka, Sanata. Ki riƙa kallon wanda ke gabanki, ba na bayansa ba.” Ta ce, “Yallaɓai, kai nake kallo tun daga mota.”

A hanyar gida ya ce bai taɓa tsayawa ta wannan gefen ba, kuma layin ya fi yadda yake zato tsawo, ga sanyi.

Ki daure ki zo Kirsimeti. Yanzu lokaci ya yi masa yawa, har ya fara maganar gyara wa Mama kicin da hannunsa. Mama da Inna Rosalind suna gaishe ki. Ki gaida Dale, da Tobias, da auta Junie.

Ƙanenki mai kewarki,
Gideon