Takardar da Ke Ƙasan Akwatin Ƙusa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ciwon gwiwa, ya yara? Na san kunnenki ba ya jituwa da waya, shi ya sa na ɗauki biro. Ko da yana jituwa ma, ban da bakin da zan faɗa miki wannan.

Yaya, ke ce da gaskiya. Shekara ɗaya da rabi ke nan da kika zo gidana kika ce mu kai Tsuntsuwa a duba ta, ni kuma na ce idan bakinki bai iya alheri ba kada ki sake taka ƙofata. Watan jiya mun kai ta. Likita ya zauna da ita kusan awa biyu, ya kira ta ba ta waiwaya ba, ya ba ta 'yar mota ta kifa ta tana juya tayar. Ya ce otizim ne, wanda wasu ke kira galahanga. Ya ce ba sammu ba ne, ba kurumta ba ce, haka ƙwaƙwalwarta take ɗaukar duniya. Har wannan karkaɗa hannu da muke wa dariya, wanda ya sa muka laƙa mata Tsuntsuwa, yana ciki.

Shekararta huɗu yanzu, ko Baba ba ta taɓa cewa ba. An haɗa mu da wata cibiya, Talata da Alhamis, wurin malamar koyar da magana. Ni ke rufe shago in kai ta, don mamanta na aji tana koyarwa a lokacin. Ɗakin ƙarami ne, da tabarmar roba da madubi da kwandon ƙwallaye. Ranar farko ta shige ƙarƙashin tebur ta toshe kunne saboda ƙarar fanka. Malamar ba ta jawo ta ba. Kashe fankar ta yi, ta shiga ƙarƙashin teburin ita ma.

Ki yafe mini. Ki gaida kowa.

Ƙanenki, Kafinta.

*

Kafinta,

Wa alaikumus salam. Gwiwa na nan yadda ka san ta. Wasiƙarka ta iso, kuma rubutunka har yanzu kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Ban ji daɗin zama mai gaskiya ba, kada ka ɗauka na ji. Shekara talatin na yi ina aikin nas, na san yadda ake faɗa wa iyaye magana mai nauyi: a ja su gefe, a zaunar da su. Ni kuwa a tsakar falonka na faɗa, gaban abokanka da matan maƙwabta, ina nuna yarinya da yatsa kamar kayan gwanjo. Na ga fuskar matarka a ranar. Bayan ka kore ni kuma sai na yi zuciya, na ce ai za su gani. Da na haɗiye fushina na sake rubuto muku, da wataƙila an fara tun tuni. Don haka kada ka kwashi laifin kai kaɗai, ka bar mini kasona.

Yanzu ga abin da nake so. Duk abin da malamar ta koya, ku maimaita a gida, don awa biyu a mako ba ya isa. Kada ku fasa zuwa don ta yi kuka. Kada ka bari kowa ya ɗura mata wani jiƙo. Sannan ka ce wa Maman Tsuntsuwa ta rubuto mini da hannunta, ba ka ce komai a kanta ba.

Allah ya raya mana ita.

Yayarka.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na gode da kika tambaye ni. Ban riƙe ki da komai ba, wallahi.

Ana samun ci gaba kaɗan kaɗan. Malamar ta ba mu katuna masu hoto: kofi, ƙwallo, takalmi, banɗaki. Idan Tsuntsuwa na son abu, sai ta miƙo katin kafin a ba ta. Babanta ya yi musu allo na katako mai maƙalai, ya goge gefensa sumul don kada ya yanke ta. Makon farko jifa take yi da su. Ranar Asabar ina wanki sai na ji an dangwara mini abu a cinya. Katin kofi ne. Yaya, na ba ta ruwa cikin gaggawa, rabi a ƙasa ya zube. Shekara huɗu ina tsammanin duk kukanta rigima ce, ashe wani lokacin ƙishirwa ce kawai.

Ga abin da ke cin raina. Wata huɗu gare ta na koma koyarwa. Idan na dawo a gajiye da littattafan yara arba'in da zan duba, sai in kunna mata waya in ajiye ta gefe, ina murna ina da 'ya marar fitina. Ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, tawa ko sunanta ba ta amsawa, ban lura ba. Na kira malamar na tambaye ta ko wayar ce ta jawo. Ta ce, "A'a, Maman Tsuntsuwa, da shi ake haihuwar yaro, ki sauke wannan daga kanki." Amma da na ce da an zo da wuri fa, sai ta ɗan yi shiru ta ce, "Zuwa da wuri na taimakawa. Yanzu ma ba a makara ba."

Wannan shirun nata ya ishe ni amsa. Na rubuta takardar ajiye aiki, zan miƙa ta ƙarshen wata. Babanta ya ce kada in yi, amma ya kasa ba ni dalili, sai ya tashi ya fita. Uwar da ta kasa gani ba ta da bakin cewa tana son aikinta.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki, Maman Tsuntsuwa.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Wannan kada ki bari kowa ya karanta miki, ki sa tabarau ki karanta da kanki.

Na san Maman Tsuntsuwa ta rubuto miki zancen ajiye aiki. Akwai abin da ban faɗa miki ba, ita ma ban faɗa mata ba.

Wata biyu bayan na kore ki, Tsuntsuwa ta yi zazzaɓi. Mamanta na makaranta, ni na kai ta asibiti. Wata likita ce ta duba ta. Bayan ta rubuta magani sai ta ce, "Baba, tana nuna maka abu da yatsa? Tana kallonka idan ka kira ta?" Na ce kunya ce da ita. Ta ce, "Ba zan ɓoye maka ba, ina so masana su gan ta." Ta rubuta takarda ta sa hatimi, har da ranar da za mu je.

Na kai yarinya gida, na ba mamanta maganin zazzaɓi, na ce likita ta ce lafiya lau. Takardar kuwa na tafi da ita shago. Ban iya yaga ta ba, ban iya kallonta ba. Na ninke ta huɗu na sa a ƙasan akwatin ƙusa. Kullum sai na sa hannu a akwatin nan sau ashirin. Na ce wa kaina ai ɗan wane sai da ya shekara biyar ya yi magana. Gaskiyar ita ce ban so a ce 'yar Kafinta ba daidai take ba, kuma ban so ki zama mai gaskiya.

Wata goma sha shida, Yaya. Na ƙirga su.

Yanzu ina zaune ina kallonta tana cewa ita ce ta kasa gani. Jiya tana haɗa wa Tsuntsuwa jaka ta ce, "Kai ka yi ƙoƙari, Baban Tsuntsuwa, ni ce ban yi ba." Na ce mata ina da kujeru da zan kai, na fita na zauna a shago ko guduma ban ɗaga ba. Idan na faɗa, ina tsoron ta ɗauki 'yarta ta tafi. Idan na yi shiru, za ta bar aikin da ta yi shekara tara tana ginawa saboda ƙaryata. Ki faɗa mini yadda zan yi.

Ƙanenki.

*

Kafinta,

Na karanta, na ajiye, na sake karantawa. Da kana kusa da na ja kunnenka kamar lokacin da kake ɗan shekara bakwai.

Ba shawara kake nema ba, ka san abin yi. So kake in ce ka bari sai lokaci ya yi. Ba zan ce ba. Ka riga ka ɓoye takarda ɗaya, yanzu kana so ka zuba ido a miƙa ta biyu. Ka fito da ita daga akwatin nan ka sa wa matarka a hannu kafin ƙarshen wata. Kada ka fara da dalilai, kada ka yi kuka don ta lallashe ka. Idan ta zage ka, ka tsaya ka ji. Idan ta tafi, haƙƙinta ne, kuma Talata da Alhamis ba su canza ba.

Ni ba zan faɗa mata ba. Amma idan ta tambaye ni, ba zan yi maka ƙarya ba.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya faɗa mini, kuma ya ce kin sani.

Ranar Lahadi da hantsi ne, Tsuntsuwa na jera takalma a baranda. Ya miƙo mini takarda duk tsatsa ta ɓata ta. Na karanta kwanan watan sau uku kafin na gane. Na ce, "Ranar da ka ce likita ta ce lafiya lau?" Ya ce, "Ranar." Na ce, "Kana ji ina cewa ni ce, ka yi shiru?" Ya ce, "Na yi shiru."

Na yi masa ihun da ban taɓa yi wa ɗan adam ba. Sai da na ga Tsuntsuwa ta durƙusa ta toshe kunne tana buga goshi a bango na dawo hayyacina. Shi ya riga ni isa. Ya sa tafin hannunsa tsakanin goshinta da bangon, yana ƙirga mata ɗaya zuwa goma a hankali yadda malamar ta koya mana. Ni ina tsaye da takardar a hannu, ga shi na ƙara wani laifin a kan nawa.

Na haɗa kaya. Sai na tuna ba ta iya kwana a wani ɗaki ban da nata, ko labule aka canza sai ta yini tana kuka. Na kwance kayan.

Ban miƙa takardar ajiye aikin ba. Na roƙi shugabar makaranta ta sauya mini darasin Alhamis, yanzu tare muke zuwa cibiyar. Malamar ta ga yadda muke zama nesa da juna, ba ta tambaya ba, ta dai ce mu matso don yarinya ta riƙa ganin fuskokinmu biyu a madubi.

Ban yafe masa ba, Yaya. Kuma abin mamaki, ban daina jin nawa laifin ba. Na ɗauka idan na sami wanda zan ɗora wa zan huta.

Taki, Maman Tsuntsuwa.

*

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, mai kai saƙo na jira.

Kwana ashirin da uku Maman Tsuntsuwa ba ta yi mini magana sai a kan yarinya. Na ɗaura wa Tsuntsuwa lilo a baranda. Shekaranjiya ina tura ta, na tsayar da lilon na jira, don an ce mu riƙa jira. Ta kalli igiyar ta ce, "Ƙara."

Na ruga kicin. Mamanta ta ajiye wuƙa ta ce, "Ta yaya ta faɗa? Faɗa mini yadda ta faɗa." Na kwaikwaya mata sau uku. Ta fito, muka tsaya mu biyu muna tsayar da lilo har rana ta yi zafi. Tsuntsuwa ba ta sake faɗa ba, har yau.

Da za ta koma ciki ta ce, "Gobe kada ka fara sai na dawo daga makaranta." Ban tambaye ta komai ba. Na ce to.

Ƙanenki, Kafinta.