Makarantar Yayata Tana Cikin Jerin da Na Rubuta

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, kwana goma kacal suka rage mini. Ki sakaya sunana.

Ni ma'aikaci ne a ofishin tsara kasafin kuɗi na ƙasa, shekarata takwas ke nan. Na san kin ji muhawarar da ake tafkawa a majalisa kan gyaran kundin tsarin mulki, wanda zai hana gwamnati kashe fiye da kuɗin shigarta. Ba zan ɓoye miki ba, ina goyon bayansa. Ni nake ganin takardun. Duk shekara, kafin a sayi alli ko allura, sai an fara cire kuɗin ruwan bashi, kuma kullum gaba abin yake yi. Na sha cika wa 'yan gidanmu kunne da wannan magana, har Yayata ta laƙaba mini Ministan Tsimi.

Mako uku da suka wuce shugabana ya kira ni ofishinsa, ya tura ƙofa, ya ce in jera wuraren da za a rufe ko a haɗe da wasu idan gyaran ya wuce. Ya ba ni ma'auni: a duba abin da wuri yake ci da yawan masu amfana da shi. Na bi ma'aunin tsakani da Allah. Ina kaiwa layi na arba'in da ɗaya sai ga makarantar kurame da Yaya take koyarwa. Yara sittin da biyu ne kawai a ciki, ga ɗakin kwana, ga malamai na musamman. Na sake lissafin sau huɗu, Gwaggo, ko zan ga kuskure. Babu.

Yaya ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. A ɗakinta na yi sakandare, a teburin ɗinkinta nake karatu. Shekararta goma sha tara a makarantar nan, har in ranta ya ɓaci da hannu take fara faɗa kafin baki. To yanzu wata makarantar kuɗi ta nemi ta je ta buɗe musu sashen kurame, sun ba ta wa'adin da zai cika nan da kwana goman nan. Ranar Asabar na je gaishe ta, na tarar da ita zaune a ƙasa tana yanka haruffa da kwali, ta ce mini ta yanke shawarar ba za ta je ba, don ba ta san wa za ta bar wa 'yan ajinta ba. Sai ta ɗago tana dariya ta tambaye ni ko dokar tamu za ta ci su. Na ce ai ba a kai nan ba. Wallahi tun ranar abinci ba ya wuce mini.

Na sa hannu a takardar riƙe sirri, kuma mu uku kaɗai muka ga jerin. Yaya kuwa ba ta iya ɓoye abin da ya shafi yaran nan. Za ta faɗa wa shugaban makaranta, iyaye su nufi gidan rediyo, kafin azahar an gano ni. Matata ta ce in goge layin kawai, wa zai lura? Amma jimillar sai ta cika, kuma wanda yake biye, da zai maye gurbinsa, asibitin haihuwa ne na wani gari da ban taɓa zuwa ba. Shekarar Yaya hamsin da ɗaya. In wannan damar ta wuce, aka kuma rufe makarantar, da wane ido zan dube ta? Har na fara tunanin ko dama can ra'ayin nawa ne banza.

Naki,
Autan Yaya

AMSA

Autan Yaya, ka kwantar da hankalinka. Damuwarka tana da tushe, amma ka haɗa abubuwa uku a ƙulli ɗaya, bari mu warware.

Na farko, kada ka goge layin. Matarka tausayi ne ya sa ta faɗi haka, sai dai matan da suke haihuwa a wancan asibitin su ma suna da ƙanne, kawai dai babu nasu a ofishinku. Kada kuma ka nuna wa Yaya takardar. Amana ce, kuma jerin da ke hannunka daftari ne. Majalisa ba ta kaɗa ƙuri'a ba tukuna, in ma ta kaɗa, da sauran tafiya.

Amma amsar da ka ba ta ranar Asabar ba ta yi ba, kai ma ka sani. Ka koma gobe. Ka ce mata akwai abin da aikinka ya hana ka faɗa, sannan ka gaya mata abin da duk mai sauraren rediyo zai iya hasashe: in an hana cin bashi dole a rage wani abu, kuma ƙananan wurare masu tsada su aka fi sa wa ido. Ka roƙe ta kada ta rufe waccan ƙofar, ta nemi ƙarin wa'adi, ta tambaya ko za su jira ta zuwa ƙarshen zango. Macen da ta yi shekara goma sha tara tana karanta fuskokin yara ba za ta kasa karanta taka ba. In bayan haka ta zaɓi zama da 'yan ajinta, zaɓinta ne, ka girmama shi.

Sai shugabanka. Ka same shi ka faɗa masa 'yar'uwarka tana aiki a layi na arba'in da ɗaya, tun kafin wani ya faɗa masa. Sannan ka rubuta masa cewa ma'aunin yana da giɓi: bai tambaya ko masu amfana da wuri suna da inda za su koma ba. Wannan gyaran zai taimaki kurame da asibitin haihuwar baki ɗaya, kuma aikinka ne ka yi shi.

Game da ra'ayinka, ba sai ka jefar da shi ba. Masu tsoron bashi suna da hujja, masu tsoron a ɗaure hannun gwamnati ranar da buƙata ta taso su ma suna da tasu. Kai yanzu ka ga ɓangarorin biyu da idonka, kuma irinka ake so a ɗakin da ake yanke hukunci.

Ka ci abinci, ka je wurin Yayarka. Allah Ya zaɓa mata mafi alheri, Ya rufa wa yaran nan asiri, kai kuma Ya fitar da kai kunyarta.

Gwaggonku