Ranar da Baba Ya Bar Mini Gaba

Lom, 14 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Aslak,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Solfrid da yara, kuma zafin Singafo bai narkar da kai ba. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan kalau muke, gwiwar Mama ma ta yi sauƙi.

Ka rubuto cewa in hana Baba hawa dutsen Ƙusumbi a Istar bana, tunda wata biyar kacal ke nan da aikin zuciyarsa. Da wane bakin? Likita ya ce ya tafi a hankali, Baba ya ji "tafi", sauran bai shiga kunnensa ba. Ranar Asabar da safe na tarar da shi yana manna fata a ƙarƙashin katakan da yake sulu da su a kan ƙanƙara, don kada su zame wajen hawa. Na ɗauko nawa na bi shi.

Dusar ƙanƙara ta kwana uku tana zuba, ta kai gwiwa, babu sawun kowa. Ka san halinsa, shi ke fasa hanya mu bi sawunsa a sauƙaƙe. Ko Kawu Halvard da duk ƙarfinsa, Baba bai taɓa barinsa ya shiga gaba ba. Haka muka ratsa daji ina jin numfashinsa yana ƙara nauyi. Da muka bar itatuwa a baya sai ya tsaya, ya jingina da sandunansa. Har na kai hannu ga waya don kiran taimako. Sai na ga ya ɗaga ƙafa, ya fita daga sawun, ya koma gefe. Ya ce, "Wuce, Torunn. Amma ki miƙe, kada ki yi mini hanyar mashayi."

Aslak, ban taɓa sanin nauyin aikin nan ba. Kowane taku sai cinya ta yi kuka, shi kuwa shekara hamsin yana yi mana bai taɓa faɗa ba. Kuma ban taɓa ganin dutsen ba tare da bayan Baba ya tare mini shi ba. Fari fat har inda ido ya ƙare, rana tana ƙyalli a kai, shiru har ina jin bugun jinina. Tsoro ya kama ni, irin wanda ba ya sa mutum gudu. Da muka kai ƙololuwa, duwatsu sun jeru ta ko'ina, gajimare yana ƙarƙashinmu. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Baba ya ɓare lemo, ya ba ni rabi.

A gangara kuwa ya bar ni a baya, ƙanƙara tana tashi kamar gari. A bakin mota ya ce hanyata ba laifi, sai dai mutum ɗaya yana gajiya a gaba, in tambaye ka ko ƙafafunka sun manta ƙanƙara. Ka san bai iya roƙo ba, iyakarsa ke nan. Ban san Ista nawa suka rage masa ba. Ka zo baɗi.

Mama da Kawu Halvard suna gaishe ka. Ka gaida Solfrid, ka shafa mini kan Eilif da Gunvor.

Yayarka,
Torunn