An Rubuta Mini Marigayi a Gidan Al'adu

Zuwa ga ƙanwata Ramlat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da mutanen Rurum baki ɗaya. Ni lafiya lau, ina nan ina gadin gonar dabino a bayan Madina. Fasfona dai yana hannun mai gonar. Kullum na tambaya, sai ya ce gobe.

Na ga hoton sabon gidan al'adu na Rano da ɗanki Lukman ya turo. Ashe masaƙar Baba kuka kai can, da saƙin da na fara ban gama ba. A ƙasa an rubuta, "Aikin marigayi Malam Ɗantala." Rabin masu kula da gidan ni na koya musu tarihi, amma ko tambaya ba su yi ba kafin su binne ni.

Lukman ya ce za a ba masu koyo su ƙarasa saƙar. Don Allah ki je ki hana. Rubutun su bar shi, bai dame ni ba. Zaren ne kada a taɓa, shi kaɗai ya rage yana jirana.

Allah ya yi wa yara albarka.

Yayanki,
Ɗantala